Ranar da Iya Ta Sa Aka Shimfiɗa Mini Tabarma

A kakar bana mahaifiyarmu ta cika shekara bakwai da rasuwa. Iya muke kiranta, haka ma duk unguwa, har waɗanda suka girme ta. Ƙanwata Binta ce ta tuna mini. Ta bugo waya ta ce tunda na saba cika wannan shafi da maganar taki da irin shinkafa da ciyawar kacalla da ta toshe mana hanyoyin ruwa, to in yi wa Allah in raga wa masu karatu na mako guda, in rubuta wani abu a kan matar da ta haife mu. Na ce mata Iya ba za ta so a sa ta a jarida ba. Ta ce Iya ba ta so na auri 'yar birni ba ma, amma ai na aura. Shi ya sa yau tsohon malamin gona zai bar gona ya shiga cikin gida.

Sana'ar Iya turara shinkafa. Takan sayo ta da ɓuntunta daga manoman fadama, ta jiƙa, ta turara a babbar tukunya, ta shanya a tsakar gida, sannan a kai inji. Gidanmu na Haɗeja ba ya rabuwa da tururi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar shinkafa. Ba ta buɗe tukunya don ta ga ko ta yi, daga cikin ɗaki take jin ƙamshin ta ce a sauke. Mace ce mai baki, mai dariya, wadda ba a barin gidanta da ciki wayam. Duk wanda ya yi sallama sai an shimfiɗa masa tabarma, ta tambaye shi mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, har akuyar da ta ji an ce ba ta da lafiya. Kowa yana samun wannan, ban da ni.

Ni ne ɗanta na fari. Yaran yanzu sai an yi musu bayani: a zamanin su Iya uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zaman hira da shi. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uba a Auyo, can na tashi tsakanin fadama da kwalekwale. Daga nan Iya ta samo sunan da ta kira ni da shi har ƙarshe: mutumin Auyo. In na zo gaishe ta sai in durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuma ta kau da kai ta amsa wa bango. An jima ta ɗaga murya, “Binta, mutumin Auyo ya ci abinci kuwa?” Na yi aure, na haifi 'ya'ya, furfura ta fito mini, ban daina zama mutumin Auyo ba. Na san al'ada ce, na kuma san ba ƙiyayya ba ce. Amma gaskiya akwai ranakun da nakan ga autanmu Garba ya jingina da ita, tana zaginsa tana shafa kansa, in ce ina ma ni ne.

Ciwon ya shigo a hankali, yadda ba wanda zai ce ga ranar da ya fara. Ta yi tambaya a ba ta amsa, kafin a gama shan koko ta sake yin ta. Ta nemi carbinta har ta gaji, a same shi cikin buhun shinkafa. Muka ce tsufa ne, muka yi dariya, ita ma ta taya mu. Dariyar ta tsaya ranar da ta bar tukunya a kan wuta har shinkafar ta ƙone ƙurmus, ita kuwa tana zaune a tsakar gida hayaƙi na wuce ta, tana tambayar wace malalaciya ce take ƙona abinci haka a unguwar nan. Bayan nan ta bar shanya ruwan sama ya doke ta. Sannan wata rana ta fita zuwa wani gida da ta saba zuwa barka da ta'aziyya tun tana amarya, sai wani ɗan acaɓa da ya san mu ne ya tsinto ta a hanyar gada tana juyi, ya dawo da ita.

Maganganu suka yi yawa. Wasu suka ce gigin tsufa ne, ba abin da ake yi masa. Wasu suka ce hannu ne, abokan sana'a ne suka yi mata, har aka fara nuna gidaje da baki. An yi addu'o'i, an sha rubutu, kuma ban raina ko ɗaya ba, domin addu'a ta riƙe mu a shekarun nan fiye da yadda zan iya faɗa. Amma Garba ya kafe sai an kai ta asibiti. Daga Haɗeja aka tura mu Kano, wurin wata likitar ƙwaƙwalwa, mace mai sanyin magana wadda ba za ta wuce sa'ar Binta ba.

Kafin a zo maganar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, likitar ta zauna ta yi ta yi wa Iya tambayoyi. Yau wace rana ce, a wane gari muke, ta faɗi sunayen wasu abubuwa ta ce Iya ta riƙe, za ta tambaye ta an jima. Iya ta ci wasu ta faɗi wasu, tana yi tana tsokanar likitar wai duk karatunta ba ta san ranar ba sai ta tambayi tsohuwa. Can sai likitar ta nuna ni ta ce, “Mama, wannan fa? Yaya sunansa?” Iya ta ja mayafi ta juya wa taga fuska. Likitar ta ɗauki biro za ta rubuta, sai Binta ta ce, “Likita, ɗan fari ne.” Likitar ta ajiye biron ta rufe baki tana dariya. “Mama, ki yafe ni, na yi rashin kunya. Mu ma tamu tsohuwar har yau ba ta faɗin sunan babban yayanmu.” Iya ta ce wa tagar, “Allah ya shirye ku, 'yan zamani.”

Sai hoton. Aka cire mata 'yan kunne da awarwaro, aka yi ta tambaya a kan haƙorin Makkanta, domin na'urar ba ta shiri da ƙarfe. Aka kwantar da ita a wani siririn gado, gadon ya zame da ita cikin bakin na'urar, aka ce kada ta motsa. Na'urar ta yi ta bugu da gurnani. Da aka fito da ita ta gyara ɗankwali ta ce wannan injin nasu duk ƙarar banza ce, tun ɗazu yake casa ba ta ga ya fitar da ko tsaba ɗaya ba.

Likitar ta kira mu mu uku ta kunna allon kwamfuta. Ban taɓa zaton zan ga cikin kan uwata ba, ni da ban taɓa ganin cikin idonta ba. Hotunan fari da baƙi ne, yanka-yanka, daga sama zuwa ƙasa. Ta fara nuna mana abin da babu: babu ƙari, babu taruwar jini ko ruwa, babu alamar shanyewar ɓarin jiki. Ta ce wannan ne babban dalilin ɗaukar hoton, domin akwai mantuwar da ake warkarwa in an gano sanadinta. Sannan ta kai bakin biro kan wani ɗan wuri can ciki, ɗaya a dama ɗaya a hagu, daidai saitin kunne. Ta ce nan ne ƙwaƙwalwa take karɓar sabon abu ta adana, kuma na Iya ya ƙanƙance fiye da yadda shekarunta kaɗai za su sa. Ta nuna wasu ɗige-ɗigen fari ta ce aikin hawan jini ne a kan ƙananan jijiyoyi. Ta ce hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa shi da tambayoyin da ta yi da kuma abin da mu muka gani a gida.

Ta gaya mana yadda tafiyar take kasancewa ga mafi yawan masu wannan ciwo. Sabo ne yake fara tafiya, tsoho ya daɗe. Abin da aka yi da safe zai ɓace kafin azahar, na ƙuruciya ya zauna daram. Daga baya hanyoyi da sunaye su bi, can gaba kuma fuskoki. Ba ta yi mana alkawarin warkewa ba. Ta ce a kula da hawan jinin, kada a sauya mata ɗaki, kada a raba ta da aikin hannu, kuma kada a yi gardama da ita a kan abin da ta manta.

A hanyar dawowa Iya ta yi barci, Binta tana kuka a hankali, Garba yana tuƙi. Ni kuwa wani tunani ne ya riƙe ni. Su biyun suna da ma'auni: ranar da Iya ta daina kiran sunansu, sun san ta manta da su. Ni fa? Sunana bai taɓa fitowa daga bakinta ba, balle in jira ranar da zai daina. Sai na tuna yadda ta juya wa taga fuska a gaban likita, na gane nawa ma'aunin a juye yake. Muddin ta kau da kai in na shigo, to ta san ko ni wane ne. Tun daga nan, duk Juma'a in na sauko daga masallaci na nufi gidan, addu'a ɗaya nake yi: Allah ya sa ta share ni. Ina jin ni kaɗai ne a ƙasar Haɗeja nake zuwa gaishe da uwata da irin wannan fata.

Shekarun da suka biyo baya ba duka ne na baƙin ciki ba, kuma wannan nake so masu karatu su ji da kyau. Binta ta dawo gidan da zama. Aka ɗauke babbar tukunya, amma kowace safiya sai ta zuba wa Iya shinkafa a faifai ta ce ta taimaka ta tsince mata tsakuwa. Hannun bai manta ba ko kaɗan. Tana tsinta tana waƙoƙin daka na 'yan matancinta, jikoki suna koya suna ɓata mata, tana gyara musu. Mun yi tuntuɓe kafin mu iya zama da ita. Takan tambayi mahaifinmu da ya daɗe da rasuwa, da farko a gaya mata gaskiya, ta sake sabon kuka kamar yau aka yi mutuwar. Binta ce ta gano mafita. In Iya ta tambaya sai ta ce, “Ba ya nan, Iya,” wanda ba ƙarya ba ne. Iya ta ce ai shi kullum ba ya nan, ta ci gaba da tsintarta.

Yau in na duba unguwarmu ina ganin abu ya sauya, ko da kaɗan ne. A da tsohon da ya rikice a ƙuryar ɗaki ake ajiye shi, a ce wa baƙi yana barci. Yanzu mutane suna tare ni a bakin masallaci suna tambayar yadda muka yi, ni kuma in tura su wurin Binta, domin ita ce malamar. Bara mahaifin wani maƙwabcinmu, tsohon masunci, ya rikice cikin ɗan lokaci kaɗan, kowa ya ce irin na Iya ne, a yi haƙuri. Binta ta matsa musu sai da suka je aka ɗauki hoto. Ashe jini ne ya taru a kansa tun wata faɗuwa da ya yi daga babur, wadda shi kansa bai ɗauke ta a bakin komai ba. Aka yi masa aiki. Yanzu haka yana bakin kogi yana ɗinkin komar kamun kifi, yana faɗa da 'ya'yansa wai ba su iya ƙulli ba. Har yanzu sai an yi tafiya kafin a sami hoton, kuma ba kowa ne yake da halin ba, ban ɓoye wannan ba. Amma kunyar faɗin ciwon ta ragu. Da Iya tana nan na san abin da za ta ce: a kai masa kunu, kuma a gaya masa ya bar hawa babur da tsufansa.

Akwai kuma abin da nake yawan tambayar kaina yadda za ta ɗauke shi. 'Yata ta haifi ɗanta na fari. Tun daga soro take kwaɗa masa kira da sunansa, ta ɗaga shi sama, ta sumbace shi a gaban surukanta, hotonsa ne a fuskar wayarta. Da Iya ta gani da ta yi salati ta nemi mayafi. A da nakan ɗauka iyakarta ke nan. Yanzu ina zaton bayan ta gama salatin za ta saci kallonsu, kuma ina da dalilin wannan zato.

Bayan 'yan shekaru da hoton farko Iya ta faɗi a bakin ɗaki, likitar ta ce a sake ɗauka. Aka jera tsoho da sabo. Ko ni da ban san aikin ba na ga bambanci. Tsagogin da ke saman ƙwaƙwalwar sun buɗe kamar ƙasar fadama bayan ruwa ya janye, baƙaƙen wuraren da ke tsakiya sun faɗaɗa, ɗan wurin nan na saitin kunne ya zama siriri. A lokacin ta riga ta daina kiran Garba da sunansa, Binta kuma ta koma “yarinyar nan mai kirki.” Hausarta ma ta fara cakuɗa da Barbarci, harshen uwarta, wanda a da ba ma jinsa a bakinta sai in ranta ya ɓaci. Na tambayi likitar ko hoton zai iya nuna su wa suka rage a ciki. Ta girgiza kai. Ta ce girman rumbu yake nunawa, ba ya nuna abin da ke cikinsa, wannan mu da muke zaune da ita za mu fi ta sani. Ni dai har lokacin Iya tana share ni yadda ya kamata. Binta har ta fara tsokanata wai ni ne ɗan gata, an manta da kowa sai wanda ba a kulawa.

Wata Juma'a ce a lokacin girbi, da rana tsaka. Na tarar da ita a inuwar rumfa da faifan shinkafa a cinya. Na yi sallama na durƙusa inda na saba. Ta ɗago kai ta dube ni. Ta dube ni sosai, ido cikin ido, fuskarta ta washe.

“Lale, lale! Maraba da baƙo. Yarinya, kawo masa tabarma.”

Abin da na yi shekaru ina tsoro ya zo, kuma da fara'a ya zo. Binta ta fito da tabarmar, ta shimfiɗa ta kusa da Iya, wurin da ban taɓa zama ba. Na zauna. A ranar na san idanun uwata ba baƙaƙe ba ne sosai, akwai ɗan launin zuma a cikinsu.

Ta yi mini sannu da gajiya, ta tambayi iyali, ta tambayi ko ruwan bana ya yi mana ɓarna ko ya raga. Sannan ta ce, “Daga ina?” Ban san lokacin da bakina ya ce, “Daga Auyo” ba. Ta ajiye faifan. “Auyo! Ai ina da ɗa a can.” Ta matso ta rage murya kamar mai gulma. Ta ce yaron kirki ne, ba shi da hayaniya, kansa yana ja. Ta ce ranar da aka tafi da shi bayan ɗaki ta zaga ta yi kukanta, don kada a ce ba ta da kunya. Ta ce kowa ya ɗauka sayen shinkafa ne yake kai ta Auyo, har da damina lokacin da sai an shiga kwalekwale, alhali ga shinkafa a Haɗeja har ta yi yawa. “Akwai wata tsamiya kusa da makarantarsu. A nan nake tsayawa da buhuna. In an tashe su sai in gan shi. Kullum rigarsa a karkace.” Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce yanzu ya zama malamin gona, manoma har daga Kirikasamma suna zuwa neman shawararsa, ta ji da kunnenta a kasuwa ta yi kamar ba ta ji ba.

Na san tsamiyar. Ban taɓa duba ƙarƙashinta ba.

Binta tana bayan ƙyaure ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa kwaɗayi ya ɗebe ni. Na ce a raina tunda yau ni baƙo ne, bari in ji shi sau ɗaya a bakinta. Na ce, “Iya, yaya sunansa? Wataƙila na san shi.” Fara'ar ta ɗauke. Ta dube ni sama da ƙasa. “Kai, ɗan nan, a ina aka rene ka? Ɗan fari ne fa.” Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta tana mita a kan baƙin zamani. Na yi dariya hawaye na zuba, ban san wanne ya riga wanne ba. Fuskata ta ɓace mata, amma ɗan yana nan, ba abin da ya taɓa shi.

Da na tashi tafiya ta riga ta huce. Ta sa Binta ta ƙulla mini shinkafa a leda. Ta kamo hannun rigata ta ce, “In ka koma ka neme shi. Ka ce masa ya riƙa sa malafa in zai shiga gona, rana tana sa masa ciwon kai. Ka ce ana gaishe shi.” Ta ƙara jan hannun rigar. “Amma kada ka ce ni na aiko ka.”

Ta rayu bayan nan har aka sake girbi. Wasu Juma'o'in na zama baƙo, wasu ta kau da kai, daga baya magana ta ƙare gaba ɗaya, sai leɓɓanta da suke motsi in an kira salla. Ba ta sake ba ni wannan labari ba. Na daina waccan addu'a, na koma zuwa in karɓi duk wanda ta ga dama in zama a ranar.

Na gode wa Allah da aka ɗauki hotunan nan, domin su suka raba mu da zargin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, suka kuma koya mana abin da za mu jira. Duk mai tsoho a gida da ya fara rikicewa, shawarata ya kai shi a duba da wuri, wataƙila nasa na warkewa ne, in ma ba na warkewa ba ne akwai zaman da ya fi wani. Ciwon ya kwashe wa Iya ranaku da hanyoyi da fuskoki. Ba na yi masa godiya, domin ya wahalar da ita ya kuma tsufar da Binta kafin lokacinta. Amma bai iya kai hannu kan abin da ta ɓoye tun tana yarinya mai jego ba, kuma Allah cikin rahamarsa ya sa ni ne nake zaune a kan tabarmar ranar da ta fito da shi.

Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta, ya saka wa Binta da alheri. Saƙon kuwa na isar da shi tun kafin in kai soro. Ɗan ya ji, ya sayi malafa, kuma har yau ban gaya masa wadda ta aiko ni ba.